Kafen da ya yi ma ɗan yayata aikin fasfo a Birnin Kebbi, ga abin da na gani da idona

Tun ranar da na sa hoton yaron nan riƙe da koren fasfo ɗinshi a sitatus mutane ke ta damuna da tambaya, wa ya yi muku, nawa kunka kashe, wasu kuma su kira ni gefe su rage murya su ce Malam ya anka yi yaron da kowa ya san haihuwar Dosso ne ya samu fasfon Najeriya, ko hanya kunka bi. To ba hanyar da munka bi, kuma na gaji da maimaita labarin ɗaya bayan ɗaya shi ya sa zan rubuta sau guda kowa ya karanta. Ba zan faɗi sunan shagon ba don akwai inda zan yabe shi akwai kuma inda zan caccake shi, wanda ya san ni ya same ni in yi mishi kwatance.

Yayata ce ta auri Ba'are mutumin Dogondutsi, ɗan kasuwa ne mai zirga-zirga tsakanin Gaya da Kamba, a Dosso sunka zauna kuma can anka haifi yaron. Ya yi firamare can da Faransanci, daga baya anka turo mini shi nan Birnin Kebbi ya yi sakandare a hannuna, ya rubuta WAEC da NECO kamar kowa, yanzu Allah ya yi ya samu gurbin karatu a Masar kuma duk takardun da ya nema da su na Najeriya ne, sai makarantar ta ce ya turo fasfo. Mu nan yankin wanga ba baƙon abu ba ne, duk wanda ya fito Kangiwa ko Kamba ko Dole Kaina ya san gida nawa ne rabinsu ke wancan gefen, Turawan Ingila da Faransa ne sunka ja layinsu sunka tafi sunka bar mu da dangi a tsallake. Amma ranar da takarda ta haɗa ka da ofis, ranar za ka san layin nan yana nan daram.

Kuskuren farko nawa ne. Wani abokina ya haɗa ni da wani ejan irin masu zama gindin bishiya da jaka a hammata, yana jin an ce Dosso sai ya dafe kai yace kai Alhaji wagga babbar magana ce, in anka gano yaron ɗan Nijar ne har kai sai an riƙe ka. Yace mafita guda ce, a rubuta an haife shi Kamba, a samo takardar indijin da sunan wani uban daban, takardunshi na Nijar kuma a ɓoye su ko ma a ƙone, duka aikin naira 180,000. Wallahi na tsorata, na zaro 20,000 na ba shi kafin alƙalami. Da dare ina gaya ma yaron sai ya yi shiru can yace Kawu to sunan babana fa? Ban samu abin da zan ce mishi ba, na kwana ina juyi.

Washegari na tafi buga wasu takardun wurin aikina a wani kafe da nake wucewa kullum ban taɓa shiga ba, shago ne ɗan ƙarami kwamfuta huɗu da firinta biyu da benci guda a waje, an liƙa farin ƙyalle a bango na ɗaukar hoto wanda tsakiyarshi har ta yi duhu saboda kawunan mutane. Ina jira sai na ji mai shagon yana yi ma wata mata bayanin fasfo dalla-dalla ba ya ɗaga murya, da ya gama da ita nace ɗana ina da tambaya amma ta sirri ce. Ya ja mini kujera. Tambaya uku kawai ya yi mini, ina anka haife shi, wane ne ɗan Najeriya cikin iyayenshi, kuma yana da NIN. Da na amsa sai ya yi dariya yace Baba mi kake ɓoyo, yaronka ɗan Najeriya ne tun ranar da ya faɗo duniya.

Sai ya jawo durowa ya fito da wani tsohon kundin tsarin mulkin 1999 bangonshi ya cire an ɗaure shi da salatif, akwai zagayen kofin shayi a shafin farko, ya buɗe sashe na 25 ya sa yatsa yana karantawa yana juya mini da Hausa. Wanda anka haifa a wajen Najeriya matuƙar ɗaya daga cikin iyayenshi ɗan Najeriya ne, to shi ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Ɗaya daga cikin iyaye anka ce, ba a ce uba ba. Na sa shi ya sake karantawa don mu abin da munka tashi da shi shi ne ɗa na uba ne, ashe a wannan wurin doka ta ba uwa irin ƙarfin da ta ba uba. Wanda anka haifa cikin Najeriya bayan samun 'yancin kai na 1960 ma nashi ya fi faɗi, ko kaka guda ce 'yar ƙasa ya isa.

Nace to ita Nijar ɗin fa, ba sai ya ajiye ta ba? Ya wuce sashe na 28 yace wanda doka ta ce zai rasa zama ɗan Najeriya in ya ɗauki wata ƙasa shi ne wanda ba ta haihuwa ya samu ba, wato wanda ya samu ta rajista ko ta daɗewar zama, shi ma ɗin in ƙasar haihuwarshi ce ya riƙe ba a ce ya yar ba. Amma wanda jini ya ba shi, yana iya riƙe biyu. Ɓangaren Nijar kuma da can in ka je ka ɗauki wata ƙasa da kanka ka rasa tasu, amma a 2014 sunka gyara dokarsu sunka yarda da riƙe biyu. Kenan yaron nan da ejan ke son in ƙone mishi takardu, ƙasashen biyu duka sun yarda da shi a yadda yake.

Har ya tuna mini labarin Shugaba Darman wanda ni da shekaruna ya kamata in tuna mishi, shugaban masu rinjaye na majalisar jihar Borno ɗan jam'iyyar GNPP da gwamnatin Shagari ta ɗauka a 1980 ta kai Chadi ta ajiye wai ba ɗan ƙasa ba ne saboda asalin ubanshi, kotu ta zauna ta ce ɗan Najeriya ne don uwarshi 'yar Najeriya ce, ya dawo gida. Ina yaro anka yi wannan, na tuna iyayenmu na ta maganar a bakin rediyo, ban taɓa kawo ma raina zai shafi gidanmu ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin bayaninshi shi ne bambancin da ya yi mini tsakanin katunan nan da muke ta tarawa a walat. Ni da na ɗauka duk mai NIN ɗan ƙasa ne. Ashe a'a, lamba ce guda 11 da hukumar NIMC ke ba ɗan ƙasa kuma take ba baƙon da ke zaune a ƙasar bisa ƙa'ida, aikinta ta nuna kai wane ne, ba ita ke mai da mutum ɗan Najeriya ba. Katin zaɓe shi na ɗan ƙasa ne kaɗai da ya kai 18. Fasfo ma na ɗan ƙasa ne, amma shi ma shaida ce ta abin da dama kake da shi, in ka same shi da ƙarya ranar da anka gano karɓewa za a yi kuma ka shiga uku. Yace Baba da ka bi ta wancan mutumin da ka ɗauki yaro mai gaskiya ka mai da shi mai laifi da kuɗinka, kuma duk ranar da ya je neman biza anka tambaye shi sunan uba da garin haihuwa sai ya riƙa tuna ƙaryar da anka shirya mishi har ya tsufa.

To daga nan aikin ya fara, kuma nan ne wahalar gaskiya take, ba a dokar ba. Da ya baje takardun yaron bisa tebur sai ga mutum uku daban-daban. Takardar haihuwa ta Dosso da rubutun Faransa, kun san yadda suke yi, Usman ya koma Ousmane, Musa ya koma Moussa, Abubakar ya koma Aboubacar, sunan yaro sai na uba shi kenan. Takardar WAEC kuma an rubuta sunan irin namu an ƙara sunan kaka a ƙarshe. Ita kuma NIN ɗin da ya yi lokacin rububin haɗa layin waya da anka fara ƙarshen 2020, wanda ya cike mishi fom a lokacin ko tambayarshi bai yi ba ya danna mishi 1 ga Janairu ya kuma juya sunayen, na uba ya dawo gaba. Shi kuma fom ɗin fasfo na yanzu daga NIN yake jawo suna da ranar haihuwa, abin da ke can shi zai fito, ba ka da ikon canza ko harafi guda.

Mai kafen ya ƙi cike fom ɗin ranar. Nace ka cike mana haka nan lokaci na ƙurewa, yace Baba in na cike yau na ci kuɗina amma kai za ka dawo kana zagina, a fara gyara NIN. Haushi na ji a lokacin, don ina ganin kamar jan rai ne, amma dai na bi. Munka zauna munka zaɓi rubutu guda, wanda ke kan takardun makaranta tunda su za shi kai Masar, munka je kotu anka yi takardar rantsuwa cewa duk sunayen nan mutum guda ne, anka buga a jarida, takardar Dosso kuma anka juya ta zuwa Turanci wurin mai fassara da hatiminshi. Mai kafen ne ya shigar da neman gyaran ta intanet, kuma ku sani gyaran ranar haihuwa ya fi gyaran suna tsada nesa ba kusa ba, don haka duk mai yaron da zai yi NIN ya tsaya a kanshi ya karanta kafin a danna. Mun yi makonni muna jira, kullum yaron sai ya hau kabu-kabu ya je ya duba.

Ɓangaren uwa kuma dole sai da Yaya ta taso daga Dosso da kanta, ta kawo NIN ɗinta da takardar shaidar ƙaramar hukumarmu, don duk hujjar yaron a kanta ta rataya. Ta iso shagon da ledar kilishi da ta kawo ma mai kafen tana ta sa mishi albarka tun bai yi komai ba, da ya nemi ta sa hannu tace ita dangwale ta iya, ya ɗauko tawada ba tare da ya nuna wani abu a fuska ba. Wannan ɗin ya burge ni don na sha ganin yaran kafe suna yi ma tsofaffi dariya.

Maganar kuɗi, don na san ita kuke jira. Kuɗin gwamnati tun 1 ga Satumban 2025 naira 100,000 ne mai shafi 32 na shekara 5, sai 200,000 mai shafi 64 na shekara 10, kafin nan 50,000 da 100,000 ne, ninkawa anka yi. Mun ɗauki ƙaramin. Abin da na yaba shi ne bai ce in ba shi kuɗin a hannu ba, da katina na biya a gabana risit ya fito da sunan yaron ya buga mini kwafi biyu. Ladan aikinshi 5,000 ya caje ni na cike fom da hoto da sikanin takardu, gyaran NIN kuma ya karɓi 3,000 daban ban da kuɗin hukuma. Wani zai ce da tsada tunda tun farkon 2024 an mai da abin yadda mutum zai iya cikewa da kanshi a waya har ya ɗora hoto, gaskiya ne, amma hoton nan kaɗai sau huɗu na'ura na ƙin karɓa, wai inuwa, wai kunne bai fito ba, wai kai ya karkace, ni da wayata da tuni na jefar da ita.

Ranar ɗaukar hoto da zanen yatsa a ofishin imigireshin mun tafi da komai cikin fayil guda yadda ya jera mana, na Nijar ɗin ma yana ciki ba mu ɓoye ba. Sun yi tambayoyi fiye da na sauran mutane, sun kira Yaya ciki sun tambaye ta garinsu da sunan mahaifinta da unguwar da ta tashi, wanda ni ban ga laifinsu ba aikinsu ne kuma jihar boda muke. Fasfon ya fito, wurin garin haihuwa an rubuta Dosso ɓaro-ɓaro.

Yanzu inda zan caccake shi. Na ɗaya shagon ya yi ƙanƙanta ga zafi, in NEPA ta ɗauke janaretan a bakin ƙofa yake hayaƙin na shigowa ciki, mata da tsofaffi na tsaye a rana don benci guda ne. Wannan mai sauƙi ne. Wanda ya fi damuna shi ne yadda suke riƙon sirrin mutane. Ina zaune ina kallon fuskar kwamfutar cike da hotunan NIN da takardun haihuwar mutane kowa na wucewa yana gani, kuma akwai wani littafi mai bangon shuɗi da yaran shagon ke rubuta imel da lambar sirrin kowane kwastoma a ciki, a buɗe bisa tebur kusa da kwanon gyaɗa. A zamanin da ake yi ma mutane rajistar layi da cin bashi da NIN ɗinsu wannan ganganci ne. Na yi mishi magana yace mutane ne ke mantawa su dawo suna kuka, na gane uzurin amma ban karɓa ba, na sa ya goge namu a gabana munka yage shafin, ɗan namu ya canza lambar sirrinshi a wayarshi. Ku ma ku yi haka kar ku ji kunya.

Sai kuma in ba shi da kanshi ke nan ba, kar ku bari yaran su taɓa muku aiki mai sarƙaƙiya irin wanga. Akwai ranar da ya tafi ɗaurin aure Argungu, ƙaramin yaron ya kusa tura fom ɗin da Kebbi a wurin garin haihuwa don a ganinshi taimako yake yi, Allah ya sa ɗan namu na tsaye a kanshi. Kuma mutumin akwai surutu, in ya fara bayanin doka sai layi ya taru a bayanka ana ta tsaki, ni dai ya amfane ni amma na ga wanda ya tashi ya tafi.

Akwai wasu abubuwa biyu da ya ƙara mana da ban biya ko sisi a kansu ba. Na farko yadda ake tafiya da fasfo biyu, yace in zai shigo Najeriya ya nuna na Najeriya in zai shiga Nijar ya nuna na Nijar, wanda anka buga ma biza kuma da sunan da ke cikinshi za a yanki tikiti harafi da harafi, kar ya yanka da rubutun Faransa ya je filin jirgi da koren fasfo. Da wannan munka shiga hirar ECOWAS, tunda bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da anka kifar da Bazoum an rufe boda wata da watanni sai Maris 2024 anka buɗe, mu nan mun ji a jikinmu, sannan Nijar da Mali da Burkina Faso sunka fice daga ƙungiyar a Janairun 2025 sunka fito da fasfonsu na AES, wato ƙawancen ƙasashen Sahel da sunka kafa. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar takardunsu kuma a bar su su yi zirga-zirga ba biza har sai an sake sanarwa, amma kalmar har sai an sake sanarwa ɗin nan ita ce ta sa nake ganin duk mai haƙƙin takardun ƙasashen biyu ya yi su yanzu ya ajiye. Ya kuma ja kunnen yaron cewa ba kowace ƙasa ke yarda da biyu ba, Ingila da Amurka sun yarda, Jamus ma ta buɗe a 2024, amma China da Indiya ba su yarda, kar wata rana ya ɗauka ko'ina haka ne.

Na biyun ya ɗan sosa ma Yaya rai. Ta tambaya ko mijinta ma zai iya samu ta dalilinta tunda sun fi shekara ashirin da aure, yace a'a Inna, sashe na 26 matar da ta auri ɗan Najeriya ya ba damar yin rajista, bai ba mijin da ya auri 'yar Najeriya ba, shi sai dai ya bi ta sashe na 27 wanda ke neman zaman shekara 15 a ƙasar da wasu sharuɗɗa. Yaya tace to wagga wace irin doka ce, ɗana ɗan gida mijina baƙo, mutumin da ya fi ku sanin kasuwar Kamba. Duk shagon anka yi dariya amma ni ina ganin tana da gaskiya, abin bai yi daidai ba.

In za ni ba shi maki cikin biyar, huɗu zan ba shi, ɗayan littafin nan mai bangon shuɗi ya cinye. Wanda aikinshi sabunta fasfo ne kawai kuma sunanshi daidai yake ko'ina, ko wane kafe zai yi mishi ko ma ya yi da kanshi. Amma mai uwa nan uba can, ko wanda takardunshi ke da rubutu iri biyu, ya je wurinshi da sassafe kafin tara, ya kwashi duk takardun har waɗanda yake jin tsoron nunawa, ya tabbatar mai shagon ne da kanshi ke zaune, ranar Juma'a kuma daga sha biyu sun rufe sai bayan la'asar.

Shi kuwa ejan na koma neman 20,000 ɗina sau uku, na farko yace an riga an shigar da su ciki, na biyu yace in dawo Litinin, na uku na tarar da mai rake a gindin bishiyar.